Hannun Muhammad Nur da Fulin Fijo

Ni ban yi boko ba, ban san injin mota ba, amma ina tsaye a bakin zaure abin ya faru, kuma idona lafiyarsa ƙalau.

Tsohuwar Fijo ce ta mijina marigayi, shekara uku tana ajiye a ƙofar gidanmu a Rijiyar Lemo, tana ɗigar baƙin mai. Ɗana Muhammad Nur, tela ne a Fagge, ya ce zai tashe ta ya riƙa kai ni asibiti saboda ƙafata. Ya je Sabon Gari wajen Nwabueze, bakaniken da ya riƙa duba motar tun mai ita yana raye. Nwabueze ya ce masa sai an cire fuli, wato ƙarfen nan mai kamar faifai a gaban injin da bel ke zagayawa a kai, domin a bayansa man yake fita.

"Notinsa ya yi tsatsa," in ji shi. "Zuba kalanzir ka bar shi ya sha. Ran Asabar zan zo da kayan aiki."

Ran Alhamis da hantsi sai ga Baffa, ƙanin mijina, ya tarar da yaron yana zuba kalanzir.

"Don noti ɗaya za ka zauna jiran mutum daga Sabon Gari? Kai, yaran yanzu. Ɗauko sufana."

Ya ce akwai dabarar direbobi: a kafa sufana a kan notin, a zura mata dogon bututun ƙarfe, a tokare shi da jikin mota, sannan a murɗa makulli sau ɗaya, ƙarfin injin ya kwance notin. Ya shiga ya zauna a kujerar direba da babbar rigarsa. Yaron yana sunkuye yana gyara zaman bututun. Ban ji wanda ya ce a murɗa ba. Ƙarar kawai na ji.

Bututun ya matse hannunsa na dama da ƙarfen mota. Yatsu biyu aka yanke a asibiti, na ukun yana nan amma ba ya lanƙwasawa. Tela ne. Da wane hannu zai riƙe almakashi?

Ba diyya na nema ba. So nake Baffa ya buɗe baki gaban mutane ya ce shi ya murɗa ba a ce masa ba. Domin har ya fara zagayawa yana cewa yaron ne ya yi garaje.

Na kai ƙara wajen mai unguwa. Matan gida suka ce, "Haba Inna, ɗan fari ne fa, ina kunya?" Na ce su riƙe kunyar, ni na gama da ita.

Ranar da aka zauna gaban mai unguwa, Nwabueze ya rufe shagonsa ya zo da kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ana yin wannan dabarar. Amma ba a taɓa makulli sai kowa ya ja baya, an ga hannunsa a sama."

Baffa ya ce ƙaddara ce, kuma ɗansa ne, zai cuce shi ne?

Na ce, "Ƙaddarar ce ta murɗa makulli ko kai?"

Mai unguwa ya ce in yi haƙuri in zauna. Ya juya wajen yaron. "Muhammad Nur, ka ba shi izini ko ba ka ba shi ba?"

Baffansa na zaune gefensa, gwiwa na taɓa gwiwa.

Yaron ya ce, "Ni ne ban janye hannu da wuri ba."

Shi ke nan. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

A gida na zuba masa shinkafa, na sa masa cokali a hagu. Na ce, "Yanzu babu kowa. Ka ce masa ya murɗa?"

"A'a, Inna. Na ga ya kai hannu. Na so in ce ya tsaya."

"To me ya hana ka?"

"Ina neman yadda zan faɗa masa ne."

Shinkafar tana zubewa daga cokalin kafin ta kai bakinsa. Na tashi na shiga ɗaki, don kada ya ga ina kallo.