Tambayar Barmo a Hanyar Bazaga

A daminar dubu biyu da shida Hawa'u ta sauka tashar Ƙonni daga Yamai, inda take karatun fizik a jami'a. Mahaifinta Barmo, mai ginar rijiya, ya zo tarbonta da amalanken jaki. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma kowane hutu sai ya tambaye ta abin da ta koyo.

Da suka bar kwalta suka kama hanyar Bazaga, gero ya kai gwiwa hagu da dama, ya ce, "To ɗiyata, bana mi aka koya muku?"

Ta so ta kauce, don 'yan ajinsu ma yawanci hadda kawai suka yi. Amma ta daure ta ce akwai ƙwayoyin lantarki, ƙanana ƙwarai, ana harba su ɗaya bayan ɗaya zuwa shinge mai ƙofa biyu, a bayansa akwai allo da ke nuna inda kowace ta faɗa. "Lissafi ya ce, Baba, kafin a auna, ƙwaya ba ta zaɓi ƙofa ba. Hali biyun a haɗe suke."

Barmo ya jima yana kallon kunnen jaki. "A haɗe suke, ko ku ne ba ku sani ba? Ni kafin in gina rijiya ban san ko da ruwa ba, amma ruwan yana nan ko ba ya nan."

Hawa'u ta juyo ta dube shi. Malaminsu sai da ya yi mako uku kafin ya kawo su ga wannan tambaya.

"Ba rashin sani ba ne kurum," ta ce. "In ƙofa biyun suna buɗe, ƙwayoyin kan taru layi-layi, har akwai wuraren da ko ɗaya ba ta faɗawa, alhali in an rufe ƙofa guda suna faɗawa can. In kuma aka sa na'ura ta gano ƙofar da kowace ta bi, layukan sai su ɓace."

Ya tsai da jakin, ya sauka, ya zana ƙofa biyu a rairayi da sandarsa. "Buɗe ƙofa ta biyu ya hana ƙwaya isa inda take isa da?"

"Haka ne."

"Ikon Allah! To masananku mi suka ce?"

"Sun rabu. Wasu sun ce tunda lissafi yana fita daidai, a bar tambayar. Wasu sun ce duka biyun na faruwa, duniya ce ke rabuwa gida biyu. Wasu kuma sun ce ƙofa ɗaya ƙwaya take bi, wata igiya ce kamar igiyar ruwa ke ratsa biyun tana yi mata jagora. Shekara kusan tamanin ba su daidaita ba."

"Ke fa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Madalla! Ashe sun bar miki aiki."

Sun isa gida bayan la'asar, mahaifiyarta Uwani na faɗan fura ta yi tsami. Da Hawa'u ta koma Yamai, ta roƙi malaminta ya ba ta wannan batu ta rubuta kundinta na kammala karatu a kai, ya kuwa yarda.