Shucin Bangon Arewa

Tun ranar da na ga ɗigon ruwa ya sauka a kan bargon Chizu na san hunturun bana ba zai wuce lafiya ba, ko a gidana ko a gidan wani.

Chizu 'yata ce, ita kaɗai muka samu ni da matata Masae, kuma tun tana jaririya ƙirjinta ba shi da ƙwari. Gidanmu kuwa ya girmi kakana. Jinkarsa ta wajen arewa ta yi baƙi, gansakuka ta rufe ta, in ka tura hannu sai ya nutse kamar a cikin dafaffen kabewa. A kwarinmu in kaka ta ƙare, ruwa ba ya zuwa da ƙarfi ya wuce. Yayyafi ne yake zaunawa a kanmu, yau, gobe, jibi, rana kuma ta faɗa bayan dutse tun mutum bai kai rabin aikinsa ba.

Da farko ban tayar da hankalina ba, domin bana layina ne. Shucin da ke fitowa a gangaren dutse na gari ne gaba ɗaya. Kowace shekara a fita gayya a yanke shi a ba gida ɗaya, haka har layi ya zagayo. Na daɗe ina yanka wa wasu, ina ɗaure wa wasu, ina jiran nawa.

Sai ga taron dattawa. Kihachi, ɗan wan mahaifina, shi ke zaune a babban gida inda allunan sunayen kakanninmu suke. Ya gyara zama ya ce ɗansa zai kawo amarya da bazara.

"Yanzu a shigo da 'yar mutane ƙarƙashin jinkar da ta yi furfura?" in ji shi. "Tokuji ƙanena ne, zai yi haƙuri zuwa baɗi."

Na ce, "Yaya, taka furfura ta yi, tawa ruɓewa ta yi. A kan yarinya take zuba."

"To ka matsar da shimfiɗar yarinyar mana. Ko ƙusa aka kafa mata?"

Aka yi dariya. Ba kowa ba ne ya yi, amma na riƙe fuskar duk wanda ya yi. Aka ba babban gida shucin, ni kuma na dawo da wannan magana a cikina kamar na haɗiyi garwashi.

Na matsar da shimfiɗar kamar yadda ya ce. Yoyon ya bi mu. Na hau tsani na cusa tsohuwar ciyawa a ramukan, na danne da guntun kwano, iska ta ɗauke kwanon ta kai shi gonar shinkafa. Muka jera bokitai da tukwane har da baho. Kullum da sassafe sai na zaga bayan gida na kwashe ganyen da ya toshe magudanar ruwa, don kada ya taru a gindin ginshiƙai. Masae tana goge fumfuna a tabarmi da safe, kafin yamma ta sake fitowa.

Abin da ya fi cin raina shi ne wuta. Jinka hayaƙi take so. In murhun tsakiyar ɗaki yana ci, hayaƙin ya hau ya busar da ita ya kori ƙwari. Amma da zarar na hura, sai Chizu ta fara tari har idonta ya kawo ruwa. In na kashe, sanyi da danshi su sauko, ta kwana tana numfashi kamar ana hura sarewa. Na rasa wanda zan ceta, rufin ko yarinyar, alhali don yarinyar nake son rufin.

"Baban Chizu," in ji Masae wata rana tana matse tsumma, "ka koma ka roƙe shi. Ko dami kaɗan ne ya ba mu."

"In roƙi abin da yake nawa?"

"Girman kanka ba zai toshe rami ba."

Ban je ba. Amma ranar gayya na je, domin wanda ya ƙi fita gayya shi ma ba za a fito masa ba. Na wasa laujena, na yanka tare da kowa, na sauko da dami a bayana har gidan Kihachi.

Ba a baibaya sai bazara. Kafin nan damman ake jerawa a tsaye a kewaye gidan da su, su tare dusar ƙanƙara da iska, su kuma su bushe a hankali. Ko yaro ya san ƙa'idar. A shimfiɗa gungume a ƙasa don kada gindin shucin ya zauna a ruwa, jiƙaƙƙen dami kuma ba a haɗa shi da busasshe. Gefe ake kai shi, ƙarƙashin rumfa, a kwance bakinsa iska ta ratsa. In ya shiga tsakiya aka matse, zafi yake ɗauka, ya ruɓe, ya ruɓar da na kusa da shi.

Ni aka ba bangon arewa, kamar kullum. Can rana ba ta leƙawa, yatsu suna ƙagewa, ba mai so. Tsoho Sada, maƙwabcinmu mai bakin tsiya, shi ke miƙo mini damman.

"Tokuji, ka saki fuska mana," in ji shi. "Kamar kai za a yi wa amaryar."

"Baba Sada, miƙo dami, rana na tafiya."

"Wace rana? Ni rabona da ita tun ina da haƙori."

Damman ƙarshe daga bakin rafi aka yanko su, suna ɗiga. Kihachi ya leƙo ta kusurwa, hannayensa a cikin hannun riga, ya nuna su da haɓa.

"Waɗannan a kai rumfa. Ya jikin mai ƙusar?"

Ya yi dariya ya juya. Sada bai yi dariya ba, ya ce bari ya je ya ɗumama bayansa a wuta, ya bar ni ni kaɗai.

Ban yi dogon tunani ba. Na janye gungumen na tura shi ƙarƙashin dandamali. Na ɗauki jiƙaƙƙun damman na jera su a tsakiya, tun daga wannan kusurwa har waccan, gindinsu a cikin laka. Na rufe su da busassu ciki da waje, na ja igiya da dukkan ƙarfina har ta yanke mini tafi. Ban taɓa ɗauri mai kyan wannan ba. Da Sada ya dawo ya bubbuga shi da tafin hannu ya ce, "Kai, ko ɓera sai ya nemi izini." Ya dubi rumfar da ba komai a cikinta, ya dube ni, ya tofar da yawu.

Na ci shinkafar Kihachi a ranar, na sha giyarsa, har na ƙara. A raina ina ganin bazara, an tara mutane, dangin amarya na hanya, an kwance igiya, baƙin ruɓaɓɓen shuci ya zubo yana wari. Sai in ce masa, Yaya, ka matsar da shimfiɗar amaryar mana. Har yau in na tuna ba na jin na yi abin da ya wuce hakkina.

Bayan 'yan kwanaki yayyafin ya koma dusar ƙanƙara. Chizu ta kwanta da zazzaɓi, na goya ta a baya na sauka da ita gari wajen likita. Ya saurari ƙirjinta ya ce danshi ne, ko a gyara ɗakin ko a raba ta da shi. Labari ya zaga kwarin kafin mu hawo.

Washegari da hantsi sai ga Kihachi a ƙofata, shi da Sada. Kihachi ya kakkaɓe takalminsa, ya zauna a bakin murhun da ba wuta. Ya bi bokitan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan ƙofar takarda Chizu tana tari.

"Tokuji," in ji shi, "na koma wajen dattawa. Matata ta hana ni sakat, ta ce in yarinyar nan ta sami wani abu, kakanni ba za su karɓi turaren gidana ba. Mun yanke magana. Shucin bana raba shi za a yi. Gabas da kudu da yamma nawa, su ishi fuskar gida. Bangon arewa naka ne, ya ishi wajen da ke yoyo. Da bazara ta kanka za a fara."

Masae ta durƙusa har goshinta ya taɓa tabarma, tana ta godiya. Ni kuwa jiƙaƙƙun damman nan ne suka faɗo mini a rai.

"Sai dai ka sani," in ji Kihachi, "layinmu mu biyu ya wuce ke nan. Daga baɗi na gida na gaba ne, sai kuma ya sake zagayowa."

In ya sake zagayowa, Chizu ta isa aure, in ta kai.

Na ce, "Yaya, da ka bar mini na gabas. Ya fi kusa da hanya, ɗauka za ta fi sauƙi."

"Haba, ƙanena. Ka ƙi na arewa, wanda ka ɗaure da hannunka? Kai ka fi kowa sanin kyansa." Ya ɗan yi murmushi. "Ko akwai wani abu ne?"

Na dubi Sada. Yana can yana sosa ƙafa, idonsa a kan toka.

"Babu komai," na ce. "Na gode, Yaya."

Da suka tafi Masae ta dafa wa Chizu kunun shinkafa tana waƙa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ban gaya mata ba. Na ɗauki shebur na ce zan duba magudana, na zaga ta bayan gonaki har bayan babban gida. Dusar ta binne bangon arewa har kusa da bakin jinka, ta daskare kamar dutse. In na tona za a ga sawuna, a tambaye ni dalili, in kuma na buɗe shucin a wannan yanayi, busassun ma sun tafi. A tsakiyar bangon akwai wani wuri da dusar ta ɗan lotsa, kamar wani abu mai ɗumi yana ƙarƙashi. Wataƙila zafin ruɓa ne. Wataƙila kuma zafin madafarsu ne, don tana bayan wannan bango. Na sunkuya na shinshina, sanyi ya hana hancina jin komai.

A hanyar dawowa na tsaya a kan magudanar da ke ɗauke ruwan dutse daga gindin babban gida. Ta gefen gonata take bi, kuma dutse ɗaya ya isa ya juya ta zuwa gindin gidan lokacin da dusar za ta narke. Na ga dutsen da zai yi. Ban taɓa shi ba tukuna.

Yanzu kullum ina zubar da bokitai, ina hura wuta kaɗan in kashe, ina sauraron numfashin Chizu. Ban san ko shucin ya ruɓe duka ba ko akwai abin da zai tsira. Ban kuma san ko Kihachi tausayi ne ya kawo shi gidana ba, ko Sada ne ya gaya masa abin da ke cikin bangon.