Fitilun Gefen Hagu

Tun da aka ciro ƙaramin jirgin saman daga cikin kwalbati, Mai Fitila bai yarda da kowa ba. Matuƙin ya karye a ƙafa, likitan da ya ɗauko ya tsira da ƙujewa, amma har aka sa matuƙin a mota bakinsa bai daina ba: fitilun gefen hagu sun yaudare shi, ya bi su cikin duhu sai ga shi a ciyawa.

Shekara goma sha tara Mai Fitila na kula da fitilun filin saukar jirgin. Masu batir ne, kowace a kan ɗan dakalinta, duhu na yi su kama da kansu. Aikinsa ya taka layin kowace yamma, ya duba, ya sa hannu a takarda. Jiya kuwa gwiwa ta matsa masa, ya hango su daga taga ya sa hannu. In masu bincike suka gano haka, aiki ya tafi, ƙila har da kotu.

To amma wa ya taɓa su? Mai gadi ne, da bai ko kalle shi ba da suka gaisa? Ko mai rediyon magana da jirage, wannan sarkin gulma, da ya daɗe yana nema wa surukinsa gurbin Mai Fitila? Haushi ya hana shi zama. Gari na wayewa ya ɗingisa zuwa layin.

Can ya hango mutum a duƙe, rungume da fitila. Ƙanensa ne, mai yankan ciyawa, wanda shi da kansa ya roƙar wa aikin.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Yaya, rufa mini asiri. Jiya na janye su gefe don kada injin yankan ciyawa ya fasa su. Aka kira ni matata na naƙuda, na tafi ban mayar ba. Kama mini, saura tara."

"Amma kai dai an yi shashasha! Mutum ya kusa mutuwa, kana cewa saura tara?"

Ya zage shi son ransa. Sannan ya tuna jaririn da ko suna ba a sa masa ba, ya duƙa ya ɗauki fitila ɗaya.

Ko taku biyar bai yi ba mota ta tsaya a bayansu. Jami'ar bincike ta fito, ta dube su, ta dubi fitilar da ke hannunsa.

"Malam, wa ya ce a taɓa su?"

Mai Fitila ya juya ga ƙanensa, yana jiran ya buɗe baki. Hannuwan ƙanen wayam, ya riga ya ajiye tasa a ciyawa.

"Ranki ya daɗe, ni ciyawa ce tawa," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Fitilu kam, Yaya ne mai su."