Wanda Ya Nutse da Wanda Ya Ɗauko

Baiwa ba ta iya karatu ba, amma fuskar Maigandi ko a cikin taron kasuwa ba ta ɓace mata. Shi ya sa da Nazifa, 'yar maƙwabciyarta, ta miƙo mata waya, ba ta jira bayani ba. Ga shi nan tsaye a bakin gurbin ƙauyensu, can bayan Argungu, ya saɓa giwan ruwa a kafaɗa, wutsiya tana jan ƙasa, haƙora duk a waje. Nazifa ta karanta mata abin da ke ƙarƙashin hoton: wai Maigandi ne gwarzon da ya kama kifi mafi girma a su na bana, wato kamun kifin gayya. Wata ɗaliba mai koyon aikin jarida a Birnin Kebbi ce ta rubuta, a jaridar gwaji da 'yan ajinsu suke fitarwa a waya.

To, ɗanta Labbo ne ya kama kifin nan, Maigandi abokin aikinsa ne kawai. Amma a wurin masu su, mai nutso ba ya ɗauko kifinsa. Idan ya taso daga ƙasan gurbi numfashi kawai yake nema, sai ya kife a kan goran iyo, abokin aikinsa ya saɓa kifin ya kai tudu. Kuma ba ya cewa "ni na kama" da bakinsa, don abin kunya ne, ruwa ne ya ba shi. 'Yan ƙauye sun san haka. Mutanen birni ina suka sani? A kasuwar Argungu, inda Baiwa take sayar da banda, a gaban tirenta ake tare Maigandi ana yi masa barka. Ta haɗiye ta haɗiye, ranar da abin ya ƙi haɗiyuwa ta ɗaura gyale ta hau motar Birnin Kebbi.

Da tambaya ta gano gidan su ɗalibar a unguwar Badariya. Yarinyar da ta fito siririya ce, sunanta Hamida, ta durƙusa ta gaishe ta. Baiwa ba ta amsa gaisuwar ba sai rabi.

"Ke ta kinka ɗauke sunan ɗana kinka ba wani?"

Hamida ta ce wallahi ba ta ƙirƙira ba, ta ga mutum ɗauke da kifi, ta tambaye shi sunansa, ya faɗa mata.

"Sunanai kinka tambaya, ya hwaɗa miki. Kin tambaye shi wa yak kama? In kin ga jaki ɗauke da albasa, shi yan noma ta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ta ce, Inna ta yi haƙuri, amma ba za ta canza labarin a kan maganar mutum ɗaya ba. Abin da ya jefa ta cikin wannan ke nan tun farko. Malaminsu ya ce ba a buga zance sai an ji daga baki fiye da ɗaya, in da hali a gani da ido. Baiwa ta ji kamar ta kwaɗa mata mari. Wato ita da furfurarta ce za a bincika? Amma ta tuna za a sake yin su a wani gurbi kusa da Gulma ranar Asabar. Ta ce mata ta zo, kuma ta zo da idonta, ba na wayar kaɗai ba.

Hamida ta zo kuwa. Da hantsi bakin ruwa ya cika, maza sun jeru da gora da homa, ragar kamun kifi, suna jiran sarkin ruwa ya ba da izini. Hamida ta fara da Labbo. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin homarsa, ya ce Allah ne ya kawo rabo, bai ƙara ba. Baiwa ta harare shi, ta ce haka ubansa yake, sai an mutu a ji labarinsa. Maigandi kuwa da aka yi masa tambayar yadda ya kamata, sosa ƙeya ya yi.

"Ni dai ɗaukowa niy yi. Ba wanda yat tambaye ni sauran."

Hamida ta roƙi wani mai kwalekwale ya shiga da ita tsakiya. Baiwa ta tattara zane ta bi ta, don ba ta yarda yarinyar za ta kalli inda ya dace ba. Tun da aka kawo ta gidan masunta, a tudu take jira da wuƙa da kwano. Ba ta taɓa ganin aikin daga kusa ba.

Aka buga ganga, ruwa ya ɗauki mutane gaba ɗaya. Ƙarar kamar an saki garken shanu a fadama. Mai kwalekwale ya kai su inda ruwan ya yi baƙi ya kwanta lumui, inda yawancin masu homa suke kaucewa. Labbo ya miƙa wa Maigandi goransa, ya ja iska, ya kifa kai. Tafin ƙafarsa ne ya haska, ruwa ya rufe kamar ba a taɓa haifar kowa ba.

Baiwa ta jira. Ta yi salati, ta sake, ta sake. Ita da take zaune a sarari numfashinta ya fara yi mata wuya. Maigandi ya daina dariya, ya rungume gora biyu, idonsa kafe a kan 'yan kumfan da ke tasowa ɗaya-ɗaya, yana bin su a hankali kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya. Kumfan suka tsaya. Duk faɗan da ta taho da shi daga gida ya zube mata, ba ta san ta damƙe hannun Hamida ba sai da yarinyar ta ɗan motsa. Ashe wannan ne abin da take yankawa tana bandawa shekara da shekaru? Ashe nan yaron da ta goya yake zuwa, inda ba haske, ba iska, ba uwa?

Sai ruwan ya kumbura daga ƙasa. Wutsiya ta fara fitowa, ta doki gefen kwalekwale har ya yi tangaɗi, sannan kan Labbo, hannunsa cuse cikin kumatun kifin har gwiwar hannu, jini siriri yana bin hancinsa. Maigandi bai taɓa kifin ba sai da ya tallafi haɓar abokinsa ya ɗora shi kan gora. Baiwa ta ga wannan, ta ajiye a ranta. Bayan nan ne ya ja kifin zuwa gaɓa, ya saɓa, jama'a suka ɗauki ihu, wayoyi duk suka juya kansa.

Hamida ba ta juya ba. Ta ba taron baya, ta ɗauki hoton Labbo kwance a kan gora, ido rufe, haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka.

Da suka fito ta nemi sarkin ruwa, ta tambaye shi zancen wancan sun na farko, ta tambayi wasu dattawa biyu daban-daban. Sannan ta zauna a inuwar giginya tana dannawa tana gogewa. Ta zo ta tambayi Baiwa sunan mahaifin Labbo, ta koma, ta sake zuwa ta tambayi shekarun da ya fara nutso. Baiwa ta yi mamakin yadda 'yar magana kaɗan take cin wahala haka kafin a sake ta.

Da la'asar Hamida ta karanta mata. Layin farko ya ce labarin baya kuskure ne, kuma na mai rubutun ne. Na biyu ya ce Labbo ɗan Hodi ne ya kama giwan ruwan, Maigandi ya ɗauko. Sauran ya bayyana yadda masu su suke raba aikin, da abin da ta gani da idonta.

Baiwa ta karɓe wayar daga hannunta. Ta ratsa taro har wurin wani mai albasa, baƙo daga Augie wanda bai san kowa a nan ba, ta ce ya karanta mata abin da ke jiki. Ya bi a hankali, kalma bayan kalma, bai sauya ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya tsaya a kan hoton, ya daɗe yana kallo, ya tambaya wane ne wannan bawan Allah.

Ta nuna masa Labbo, yana zaune can gefe yana matse rigarsa.

"Ɗana na. Taso mu tai wurinai ka sake karantawa. Ka ɗaga murya, ruwa ya cinye mai kunne guda."