Ranar da Aka Binne Dattin Haƙori

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin nan, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Yau kam zan kira, don haushinsa nake ji: Ɗanlami. Masunci ne a tafkin Madarunfa, ni Saratu kuma ni ke bandar abin da ya kamo. Mutum ne mai tsabta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Asuwaki ba ya barin aljihunsa, kowace salla sai ya goga. Da wannan yake tinƙaho, da shi kuma yake rufe bakin duk wanda ya ce masa akwai matsala.

Matsala kuwa akwai ta. Ya goga asuwaki, ya fito da shi ja. Ya gatsi rogo, ya bar jini a jiki. Dasashinsa ya kumbura ya yi jajir, haƙoran gaba na sama guda huɗu suka fara motsi in ya tura su da harshe. Warin kuma, Allah ya yafe mini, ni da nake yini cikin ƙarnin kifi sai na kau da kai in ya matso zai yi magana. Abokan sahunsa a masallaci sun gwammace su riƙa sauya wuri da su gaya masa gaskiya. Ni na gaya masa. Ya ce zafi ne ya yi masa yawa a jiki, in ya sha sabara zai wuce. Ya sha sabara har na gaji da jiƙawa.

'Yarmu Hafsa, wadda ke aure a Maraɗi, ita ce ta zo ganin gida ta ga uban nata yana tofar da jini bayan alwala. Da ta koma, ta nemi wata likitar haƙori ta karɓo masa rana, sannan ta kira shi a waya ta yi ta kuka har ya ce zai je. Na bi shi, don na san in ya tafi shi kaɗai, wajen masu sayar da ƙugiya zai ƙare, ya dawo ya ce bai tarar da likitar ba.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Hafsa da yawa ba. Ta kwantar da shi a wata kujera, ta haska masa fitila a baki, ta kira ni in zo in gani da idona. Ta sa ɗan madubi a bayan haƙoransa na ƙasa. Ban ga haƙora ba. Abin da na gani wani bango ne baƙi-baƙi, ya haɗe su wuri guda.

"Baba, wanga ba haƙori ba ne," in ji ta. "Dattin abinci ne da miyau sunka taru sunka ƙahe. Asuwaki na hidda shi tun yana da taushi, amma in ya zama dutse sai ƙarhe. Yana shiga ƙarƙashin dasashi, yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Shi ya sa jinin, shi ya sa warin."

Ta ɗauko wani ƙarfe mai kukan sauro yana feshin ruwa, ta shiga kankara. Sama da awa guda tana abu ɗaya. Ɗanlami ya riƙe hannun kujera kamar mai tsallake tafki cikin iska, amma bai yi raki ba. Da ta gama da na ƙasa, ta ce ya gaji kuma jini ya zuba, na sama sai bayan sati biyu. Ta rubuta ranar a ɗan littafinsa na asibiti. Sannan ta yi masa bayani dalla-dalla, ina zaune ina ji: zai ga ƙofofi tsakanin haƙoransa inda dattin ya cike a da, ruwan sanyi zai dame shi na 'yan kwanaki, zai ji kamar suna motsi, kada ya tsorata. Ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri.

"Na saman nan huɗu su nike ji ma tsoro," ta ce. "In ka dawo ranar randebu, wadda na rubuta maka, ina sa ran mu tsirar da su. In ka bari, Baba, ba ni da dabara."

Da za mu fita, ta tattara ɓarɓashin da ta kankaro a cikin auduga, ta sa a 'yar leda ta miƙa masa. Ta ce ya nuna wa mutanen gida, su san abin da ke ɓuya a baki, ko wani zai zo tun da wuri. Har godiya na yi mata a kan wannan. Da na san abin da zai biyo baya, da ta tagar mota na jefar da ledar tun ba mu bar Maraɗi ba.

Ɗanlami yana da wa, Shu'aibu. Shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, shi ya koya masa jefa koma, shi ya nema masa aurena. Aikinsa gyaran jiragen masunta, yana toshe su da kwalta a gindin wata bishiya a bakin tafki, inda maza ke taruwa su saurare shi. Yaya Shu'aibu bai taɓa cewa bai san abu ba. Haƙoran da suka rage a bakinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, amma wannan bai hana shi zama masanin haƙori a yammacin nan ba.

Bayan la'asar ya shigo yi wa ƙanen sannu. Ya ce ya buɗe baki. Ya kama haɓar mutum mai shekara hamsin da biyu yana juyawa kamar mai tayin rago. Ya ga ƙofofin. Ya sa yatsa ya taɓa haƙori ɗaya, ya ji ya ɗan motsa. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya maimaita abin da likita ta faɗa, sai ya zaro ledar ya miƙa.

Yaya ya zazzage ɓarɓashin a tafin hannunsa. Ya ɗauki mafi girma ya ƙwanƙwasa da bakin wuƙa.

"Ka ji? Datti ke ƙara haka? Wanga ƙashi ne. Yarinyar ga ta sassaƙe ka, Ɗanlami." Ya girgiza kai. "Tsohon jirgi in ka kankare kwaltar da ta daɗe jikinai, mi ke hwaruwa? Ruwa ya shiga. Abin da ke riƙe da haƙoranka ke nan ta ɗebe."

Ina tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu. Na ce, "Yaya, ai ina wurin. Ta nuna muna da madubi, ta ce…"

"Saratu, ke kihi kinka sani."

Ya juya ga ƙanensa, ya sha kunu. Ya ce abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a ce musulmi yana yawo da sassan jikinsa a leda kamar goro. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, gashi ne, farce ne, haƙori ne, binne shi ake yi. Haka suka ɗauki hauya suka zagaya bayan rumbu. Manyan maza biyu masu furfura suka haƙa rami, suka yi bisimilla, suka sa audugar a hankali, suka mayar da ƙasa, Yaya har yana daddannawa da tafin hannu. Ina kallo aka yi wa dattin tuwon shekara talatin sutura. Baƙin ciki kamar in haɗiye zuciya. Kafin ya fita ya yanke hukunci: ba inda Ɗanlami zai koma, a bar masa na saman yadda Allah ya yi su.

Na ce a raina bari in yi haƙuri, baki zai yi wa kansa shaida. Ya kuwa yi. Kafin sati uku dasashin ƙasa ya saɓe, ya kama haƙoran gam, jini ya ɗauke. Ruwan randa ya daina damunsa. Na sama kuwa yana nan yadda yake, ja, kumburarre, asuwaki na taɓa shi sai jini. Wata safiya na ɗauko madubina na tare shi a ƙofar ɗaki.

"Malam, duba ƙasa. To duba sama. Baki guda ne hwa, ba na mutum biyu ba."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini madubin.

"Na gani."

"To mu tahi. Hafsa ta ce likita ta sake ba ka wata rana."

"Yaya ya riga ya yi magana gaban mutane."

Ashe nan gizo ke saƙa. Yaya ya kai labarin gindin bishiya, kullum yana ƙara masa gishiri, har ƙashin da aka binne ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Masunta uku da suka yi niyyar zuwa a duba nasu suka fasa. In Ɗanlami ya koma Maraɗi, ya ƙaryata wansa ke nan a idon duk mai jirgi a tafkin. Ya auna haƙoransa huɗu da fuskar Yaya, ya zaɓi fuskar Yaya. Ba jahilci ba ne, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya san gaskiya sarai.

Ba irin faɗan da ban yi ba. Na yi na lallashi, na yi na gori, na yi kwana biyu ban ce masa uffan ba. Hafsa ta kira har ta gaji. Likitar, Allah ya saka mata, sau biyu tana ɗaga masa rana. Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu, ya ƙara wa asuwakinsa kauri.

Damina ta wuce, wata ta zo. Haƙoran saman suka fara tsawo suna turo leɓe, don dasashin ya janye ya bar su tsirara. Ya daina cin masara gasassa. Sai wata rana ya tashi da fuska a kumbure har ido ɗaya ya kusa rufewa, mugunya na fita ta gindin haƙoran. Kwana huɗu jirginsa na ɗaure. A rana ta biyar Yaya da kansa ya leƙo, ya ce to, a je su ba shi maganin kumburi, amma kada ya yarda a taɓa komai.

Likitar ta gane shi. Ta duba bakin, ta ajiye madubin.

"Baba, ina ka shiga?"

Ta ba shi magani kumburin ya sauka, muka koma bayan sati. Ta ce ƙashin ya cinye, ba abin da ke riƙe da su sai tsoka. Huɗun nan duk ta cire. Ɗaya ma ba ta sa ƙarfi ba, kamar ta tsinki ganye. Ta kankare sauran na saman da ke da sauran rai, sannan ta bubbuga na ƙasan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya motsa. Ba ta yi masa gori ba. Ni na so ta yi.

Muna isowa gida muka tarar da Yaya a zaure da mutum biyu. Ya dubi ƙanensa da auduga cike da baki, ya tafa hannu.

"Ban hwaɗa ba? Hwarko ta sassaƙe, yanzu ta tumɓuke."

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɗaga murya gaban mutumin nan ba. Na ajiye jakata.

"Yaya, waɗanda ta taɓa suna nan, ƙirga su. Waɗanda ka hana a taɓa ne sunka tahi."

Na juya na dubi mijina. Kai kawai nake so ya ɗaga. Ya zare audugar daga bakinsa a hankali, ya yi magana, iska na fita ta giɓin.

"Saratu, ba Yaya haƙuri."

Na durƙusa na ba da haƙuri. Gwiwoyina a ƙasa, idona a bushe, na ce a yafe mini na yi rashin kunya. Yaya ya ce ba komai, mata sai haƙuri.

Sati uku bayan nan aka yi Babbar Salla. Aka jera raguna a jikin itace kewaye da wuta, suka yini suna gasuwa. Washegari da hantsi maza suka taru a zaure ana yanka ana ci. Ɗanlami ya zauna kaɗan, ya ce ciki ke damunsa, ya shigo gida. Na ɗebi tsoka daga cinyar ragonsa na sa a turmi na daka, yadda nake yi wa kakata kafin ta rasu. Na zuba a akushi na kai masa ɗaki. Daga zaure ana jiyo muryar Yaya yana ba da labari, ana dariya.

Ya ɗebi loma ɗaya ya kai gefen baki. Bai dube ni ba.

"Saratu, da gaskiyarki."

"Na sani," na ce. "Ga zaure can, ba nisa. Je ka hwaɗa."

Ya jawo akushin, ya juya mini baya ya ci gaba da ci.