Muryar Baban Saude a Bakin Iyaka

Wani mafarki na yi a daren jiya, wai shugabar makarantarmu, Hajiya Indo, ta damƙa mini ɗalibai ashirin da huɗu na ƙungiyar waƙa, ta ce in raka su Maraɗi taron makarantu. Ni kuwa ko taken ƙasa ake yi, baki kawai nake motsawa. Na gaya mata haka.

"Ba waƙa na ce ki yi ba, Malama Tabawa," in ji ta. "Ki kai su, ki dawo mini da su yadda na ba ki su."

Sai ga mu a cikin bas. Direban ya ba hanya baya yana fuskantarmu, sitiyari a cinyarsa kamar faifai. Ya ce hanya ta san inda za ta, yaran ne ke buƙatar ido. Ban ga aibin maganarsa ba. Na ƙirga ɗalibai, ashirin da huɗu. Da muka wuce wata kasuwa inda ake auna inuwa a mudu, na sake ƙirgawa, sai na samu ashirin da biyar. Na sa kowa ya ɗaga hannu, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Hannuwa ashirin da huɗu ne, amma ƙirgata ta tsaya a kan ashirin da biyar.

A kujerar ƙarshe Saude ke zaune, ta jingina kai da taga. 'Yar aji biyar ce. Mahaifinta birkila ne, ya rasu da daminar nan, kuma tun daga lokacin ba na jin bakinta a aji. Ko a ƙungiyar waƙa ma layin baya take tsayawa.

Da muka isa bakin iyaka, ashe igiyar shanya ce aka ɗaure a tsakiyar titi, zannuwan matan ƙasashen biyu na bushewa a kai. Bas ɗin ta durƙusa, muka sauka. Jami'ar da ke aiki a ranar zabuwa ce, da hular kaki da tabarau, tana tsaye a kan tebur. Ba takardu take dubawa ba, murya take dubawa. Kowa ya zo ya buɗe baki ya ce "aa", ta leƙa ciki, ta buga hatimi a iska, ya wuce ta ƙarƙashin zannuwa.

Da layi ya zo kan Saude, ta ce "aa" a hankali. Sai muka ji biyu: tata siririya, da wata babba mai kauri a ƙarƙashinta.

Zabuwa ta gyara tabarau. "Ta ƙasan nan ta wane ne?"

"Ta Babana ce."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa," in ji zabuwa, ta cire hula ta mayar. "Amma doka ta ce baki ɗaya, murya ɗaya. Ku ashirin da biyar ne har da malama, muryoyinku ashirin da shida. Ɗaya za ta jira a nan." Ta nuna wata kanta da fiffike, cike da kwalabe a toshe, wasu na ɗan motsi.

Saude ta rufe bakinta da hannu biyu. Ta cikin yatsu ta ce, "Malama, ku tafi, ni zan zauna. An raba kayansa duka, har cebur ɗinsa kawu ya ɗauka. Wannan ce ba su gani ba."

Na dubi sauran yaran a hayin igiya. Wata uku suna atisaye bayan an tashi, kuma ga su nan sun fara cire takalma suna zama a ƙasa, alamar ba inda za su in ba da ita ba.

Na ce wa zabuwa, "Ranki ya daɗe, a ajiye tawa."

"Me kike yi da ita?"

"Tsawa, yawanci."

"To, ba za a yi kewarta ba."

Ta miƙo kwalba, na yi tari a ciki, ta toshe da totuwar masara. Na leƙa. Ashe muryar da nake razana azuzuwa uku da ita ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Sai ga mu a tsakiyar gari, rana tsaka. Gidaje na tashi suna komawa inuwa. Yara suka watse, wasu wajen mai dogon burodi, wasu sun bi wani keke da ke tafiya shi kaɗai. Na buɗe baki in kira su, ba abin da ya fito. Tsoro ya kama ni. Sai Lantana, wadda ta fi kowa surutu a ajina, ta kama ƙugu irin yadda nake yi, ta daka tsawa, "Kai! Nan gidan ubanku ne? Ku shiga layi!" Nan na gane sun daɗe suna kwaikwayona a bayan idona. Suka dawo da gudu, kowa ya kama gefen mayafina, mayafin ya yi ta tsawo har ya ishe su duka.

Zauren taron fili ne kawai, kujeru a jere, ba bango ba rufi. Yayyafi na fitowa daga ƙasa yana hawa sama, jama'a sun riƙe laima a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani malami dogo ya tare mu. "Madan, kun zo lahiya?" Na gyaɗa kai.

Suka fara. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu Saude ta baro layin baya ta zo gaba, ta saki bakinta. Muryar babanta ta fito a dishe, irin ta mai waƙa yana kwaɓa siminti, tata kuma na bisa kamar zare. Sai bulo ya fara hawa kan bulo a kewaye da mu. Kafin su kai baiti na huɗu zauren ya yi bango, ya yi tagogi, har da ƙofa. Saude tana rerawa tana dariya, hawayenta na hawa sama tare da yayyafin.

Ana cikin tafi ta sauko ta tsaya gabana. Babbar muryar ce ta yi magana, cikin ladabi, yadda iyaye ke yi ranar karɓar sakamako.

"Malama, sannu da aiki. Yarinyar nan tana ƙoƙari kuwa?"

Na gyaɗa kai da ƙarfi, na sake gyaɗawa.

Saude ta ce da tata muryar, "Malama, ba ya gani. Ji kawai yake yi."

Na buɗe baki. Na tattaro duk numfashin da ke ƙirjina, na matsa, na sake matsawa, tana tsaye tana jira, shi ma yana jira.

Injin markaɗen maƙwabciyata ne ya tashe ni, ta kunna shi daidai saitin tagata. Gari ya waye, ina kwance rigingine, bakina na ta faɗi da ƙarfi, "Tana ƙoƙari, Baba. Wallahi tana ƙoƙari."