Ranar da Rediyo Ya Ta da Ɗanasabe

"Wayyo, fatalwa!" in ji mai ƙosai, ta bar kasko a wuta ta ranta a na kare.

Ɗanasabe ya tsaya tsakiyar kasuwar Malumfashi yana dogara sanda, ya waiga ko zai ga fatalwar. Ashe shi ne.

Ga yadda aka yi. Farkon damina maciji ya sare shi a gona, aka kai shi asibiti ko motsi ba ya yi. Ƙaninsa Manu, sarkin gaggawa, bai jira komai ba ya aika wa gidan rediyo sanarwar rasuwa, su kuma suka karanta ba bincike. Shi ko gogan ya warke sarai, sai ɗan ɗingishi.

Da farko abin dariya ya ba shi, amma da ya leƙa gonarsa a Gozaki sai dariyar ta ƙare. Ciyawa ta shaƙe dawa, ga ƙafa ba ƙarfi. Ya aika ƙauyukan kewaye yana kiran gayya, ko mutum ɗaya bai amsa ba. Wa zai yi gayya a gonar mamaci ba a raba gado ba? In kuwa aka wuce lokacin maimai, bana rumbunsa sai ɓeraye su yi gudun hijira.

Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne maƙwabcinsa, tsoho Maikuɗi, mai akwatin rediyo ɗaya tilo a unguwar. Kullum suna haɗuwa, amma ya ƙi gaishe shi.

"Maikuɗi, ba ka ganina ne?"

"Ina ganin wani abu dai. Ni rediyo ya ce ka mutu, ban kuwa ji ya ce ka tashi ba."

Matarsa Marka ta ce, "Maigida, wanda ya kashe ka shi zai ta da kai. Hau mota ka tafi Funtua."

A ofishin watsa labarai na Funtua ya sami wani ma'aikaci, Enoch, wanda ya yi dariya har da hawaye kafin ya nutsu.

"Baba, kwantar da hankalinka, akwai doka. Ba a ba 'yan rediyo izinin shiga kunnen jama'a don su faɗi abin da suka ga dama ba. In suka yi kuskure tilas su gyara, a cikin shirin da suka yi shi, a daidai lokacin, don waɗanda suka ji ƙarya su ji gaskiya."

"Har a kan Bamaguje irina, da bai san kowa ba?"

"Har a kanka, Baba."

Enoch ya buga wa gidan rediyon waya. Wannan karon kam sai da suka tambayi asibiti.

Ran Laraba da yamma unguwa ta taru gindin ɗorawa, Maikuɗi ya murɗa akwatinsa. Bayan sanarwar rasuwa sai mai karatu ya gyara murya: "Muna neman gafarar Ɗanasabe na Gozaki da iyalinsa. Mun ce ya rasu, kuskure ne namu. Yana nan da ransa, yana kuma kiran gayya ran Asabar."

Marka ta rangaɗa guɗa. Ɗanasabe ya ji daɗi har ya yar da sanda ya taka rawa da ƙafa ɗaya da rabi. Maikuɗi dai ya kashe rediyonsa ya shige gida.

Ran Asabar, kai, jama'a! Har daga wajen Musawa aka zo kallon wanda ya dawo, kowa da fartanya. Makaɗa suka saki ganga, samari suka jeru a kunya, kafin rana ta take gona ta yi fes. Giyar da Marka ta dafa ta ƙare ƙaf, tana ta mita tana dariya.

Can sai ga Maikuɗi ya fito daga ƙarshen kunya, gumi sharkaf. Ya ajiye fartanya, ya kama hannun Ɗanasabe da hannu biyu, idonsa ya ciko.

"Ɗanasabe! Sannu da zuwa. Yaya hanya?"